Birnin Yamai: Wuraren da ya kamata baƙo ya kai iyali da abokai

Mutanenmu da yawa sun sha zuwa Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, amma in ka tambayi mutum abin da ya gano, da wuya ya wuce tasha da Babbar Kasuwa da ɗakin da ya kwana. Ɗan kasuwa ya sauke kayansa, ya karɓi sefa, ya canza ta, ya kamo hanyar gida. Wanda biki ko ta'aziyya ta kai shi kuwa yana zaune gidan dangi ana ta gaishe-gaishe har ranar komowa ta zo. In an tafi da yara sai a bar su gaban talabijin, alhali irin shirin da suke kallon akwai shi a gida.

Ga shi kuwa birnin yana da abubuwan da ba a samun irinsu a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, kuma mafi yawansu ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. A da Turawa ne suka fi zuwa kallonsu, har wasu suka ɗauka don su aka tanade su. To amma tun da tsaro ya taɓarɓare a yankin, ga kuma sauyin gwamnati na watan Yulin 2023, sai ƙafar Turawan ta ɗauke sosai, aka bar matuƙa kwale-kwale da maƙeran azurfa da dukawa da masu yi wa baƙi jagora suna zaman jiran tsammani. Saboda haka duk maƙwabcin da ya ware yini ɗaya ko biyu ya zaga da iyalinsa, shi ya ƙaru, sannan ya taimaki mutanen da sana'arsu ce ke riƙe da waɗannan wurare.

Bishiyar da aka gina wa ɗaki

In da yara aka je, wurin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda 'yan gari ke kira Muze. An buɗe shi a watan Disambar 1959, watanni kaɗan kafin ƙasar ta sami 'yancin kai a ranar 3 ga Agustan 1960, kuma yana ɗauke da sunan marigayi Bubu Hama, malamin makaranta kuma marubuci, wanda ya shugabanci Majalisar Dokokin ƙasar har zuwa 1974. Fili ne mai faɗin kimanin hekta 24 a tsakiyar gari, kusa da kogi, don haka sai a tafi da takalmi mai daɗin tafiya da ruwan sha.

Abin da zai fara ba yaro mamaki a nan shi ne busasshen kututturen wata bishiya da aka gina wa ɗaki aka killace. Wannan ita ce Bishiyar Tenere. Bishiyar ƙaya ce, dangin su bagaruwa, wadda ta rayu ita kaɗai tilo a tsakiyar hamadar Tenere, a kan hanyar da ayarin gishiri ke bi daga Agadas zuwa Bilma. Sai a yi tafiyar kwanaki a kan raƙumi ba a ga wata bishiya ba sai ita. Da ita madugai ke gane hanya, kuma duk da tsananin buƙatar itacen girki a cikin hamada, matafiya ba su sare ta ba, ba su kuma bar raƙumansu sun cinye ta ba. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a tsakanin 1938 da 1939, sai aka tarar saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 a ƙasa suna neman ruwa.

A shekarar 1973 wani direban babbar mota, wanda aka ce ɗan Libiya ne, ya banke ta ta faɗi, a sararin da babu wani abin karo in ban da ita. A watan Nuwambar shekarar aka ɗauko gawarta zuwa Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Uba mai hikima ba ya buƙatar dogon wa'azi a gaban wannan kututture. Ya ishe shi ya gaya wa 'ya'yansa cewa gishirin balma da kakanninsu suka saya a kasuwar Kurmi ta gefen wannan bishiya ya biyo, kuma abin da dubban matafiya suka kiyaye shekara da shekaru, mutum ɗaya ne ya kashe shi cikin ƙiftawar ido.

Daga nan sai rumfar ƙasusuwa. Hamadar Nijar tana cikin wuraren da suka fi ko'ina a Afirka arzikin ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare, waɗanda ake kira dainoso. Wani masani Bafaranshe mai suna Philippe Taquet ya yi aikin tono a Gadufawa, gabas da Agadas, tun daga 1965, kuma ɗaya daga cikin dabbobin da ya tono an raɗa mata suna mai ɗauke da sunan Nijar a 1976. Akwai kuma ƙashin wani irin kada na zamanin da, wanda tsawonsa ya haura mita 9. Masana sun ƙiyasta cewa waɗannan halittu sun rayu ne kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin da wurin da yake rairayi a yau yake cike da koguna da dazuzzuka. Yaron da ya tsaya kusa da kan wannan kada ya auna shi da tsayinsa, ba zai manta da darasin ba har ya tsufa.

A cikin gidan har ila yau akwai ɗakunan tufafin gargajiya da kayan kiɗa da makamai, da ɗakin da ke bayanin ma'adinin yuraniyom da ake haƙowa a Arlit tun 1971. An kuma gina samfurin gidajen ƙabilun ƙasar, na Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, yadda yaro zai ga bambancin soro da bukka da tanti da idonsa. Akwai sashen namun daji mai zakuna da kuraye da dorina da kadoji. Kafin a fita kuma sai a tsaya wajen masu sana'a, inda maƙera ke zuba azurfa, dukawa na ɗinka jaka da takalmi, masaƙa na kan masaƙarsu. A nan mutum yana ganin hannun da ya yi kayan kafin ya saya, kuma kuɗinsa kai tsaye yake shiga aljihun mai sana'ar.

Katako, inda gwangwani ke zama tukunya

Ba kowa ne zai yi tunanin kai yara kasuwar 'yan gwangwan yawon buɗe ido ba, amma kasuwar Katako ta cancanci a ba ta safiya guda. Wanda ya san Panteka ta Kaduna ya san irinta. A ɓangaren maƙera, ana tara gwangwanayen lemo da ɓaraguzan sanholo a narka su a wuta, a danna ƙasa mai danshi a jikin tsohuwar tukunya don a fitar da siffarta, a zuba narkakken ƙarfen, bayan 'yan mintoci a fasa ƙasar sai ga sabuwar tukunya. Gaba kaɗan ana yanka tsohuwar tayar mota ana fitar da takalma da gugar rijiya, ana buɗe duro ana ƙera akwati da murhu.

Yaron birni da ya tashi yana ganin komai daga kanti yake fitowa, a nan zai gane cewa da gumi ake yin tukunyar da ake dafa masa tuwo. Sai dai wurin akwai cunkoso da wuta da ƙarafa masu kaifi, don haka a riƙe hannun ƙanana, a je da sassafe kafin rana ta take. A yi sallama a nemi izini kafin a tsaya kan mai aiki, kuma kyautatawa ce a sayi ko da ludayi ne kafin a wuce.

Yamma a bakin Kwara

Maigidan da ya je da mai ɗakinsa, ko ango da amarya, babu abin da ya fi musu kamar su bar wa kogi yammacinsu. Kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa, ya taso ne daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali, ya raba Yamai gida biyu kafin ya shiga Nijeriya ta Jihar Kebbi. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180, shi ne na uku a Afirka. Kafin a buɗe Gadar Kenedi a 1970, da jirgin fito ake haye shi. Yanzu gadoji uku ne, domin ƙasar Sin ta gina ta biyu da aka buɗe a 2011, sannan a 2021 aka buɗe ta uku mai sunan Janar Seyni Kunce.

Bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, sai a taka a ƙafa a haye tsohuwar gadar zuwa Harobanda, wato tsallaken kogi, inda Jami'ar Abdu Mumuni take. Daga sama ana hango masu wanki sun shanya tufafi a gaɓa, ga lambuna kore shar, ga sarkawa na jefa birgi. Wani lokaci a yi kiciɓis da raƙumi ɗauke da kaya yana tafe tsakanin motoci hankalinsa kwance. Da magariba ta kawo jiki kuma sai jemagu su taso daga manyan itatuwan gari su yi ayari a sama.

Wanda ke son ya matsa kusa da ruwan sai ya yi ciniki da mai kwale-kwale ya zaga da su na awa ɗaya. Yana da kyau a san cewa sau biyu kogin ke cika a Yamai. Akwai cikar damina wajen Agusta da Satumba, lokacin da ruwan ke yin ja saboda laka, ita ce kuma ke kawo ambaliya irin wadda ta yi ɓarna a 2020. Akwai kuma cikar da ke zuwa da sanyi, wajen Janairu, wadda ruwan saman da aka yi a Gini ne yake isowa bayan tafiyar watanni. Wannan ta biyun ita ce lokacin shiga jirgi. Da bazara kuwa ruwan kan janye ƙwarai, har ma a 1985, bayan babban fari, kogin ya daina gudu a Yamai baki ɗaya.

A nan dole a ja kunnen mai karatu game da dorina. Wasu matuƙa kan yi tayin kai baƙi kusa da ita don su sami ƙarin kuɗi. Kallonta daga nesa ya wadatar. A watan Nuwambar 2014 dorina ta kifar da wani kwale-kwale a kusa da Yamai, mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara ne. Kada a shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima, kada a kai dare a kan ruwa, kuma a nemi rigar da ke hana nitsewa musamman saboda yara.

In an fito sai a nemi gasasshen giwan ruwa ko karfasa a bakin gaɓa, ko a ɗanɗana dambu da kwaɗon zogale, wanda Zabarmawa ke kira kopto. Tsarabar uwargida kuma tana Wadata, inda aka keɓe wa masu sana'ar hannu wuri guda, akwai sarƙoƙin azurfa irin na Agadas da jakunkunan fata da barguna saƙar hannu. Kilishin Nijar kuwa ba sai an yi masa talla ba.

Abokai: kokawa, fetank da shayin fada

Samari ko magidanta da suka je a ƙungiya su fara da gwada ƙwarin gwiwarsu a Babban Masallacin Juma'a, wanda Libiya ta ba da kuɗin gina shi a shekarun 1970, shi ya sa ake ce masa Masallacin Gaddafi. Hasumiyarsa tana da matakala 171. In masu kula da masallacin sun ba da izini aka hau, ana ganin gari har zuwa kogi da duwatsun da ke bayansa.

A Nijar, kokawa ta fi ƙwallon ƙafa farin jini. Tun daga 1975, lokacin da aka yi karon farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, ake shirya gasar ƙasa inda kowace jiha daga cikin takwas ke kawo 'yan kokawa 10. Jihohin ne ke karɓar baƙuncin gasar bi da bi, kuma a 'yan shekarun nan wajen ƙarshen Disamba ake yin ta. Sunaye irin su Salma Ɗan Rani da Kadade da Balla Haruna da Isaka Isaka, yaro da babba ya san su. Ko da ba a Yamai ake yi ba a shekarar da mutum ya je, ya zauna cikin jama'a gaban talabijin ranar karon ƙarshe ya ga yadda gari ke tsayawa cik. In kuwa an yi sa'a ana wasa a filin kokawa na birnin, to a shiga. Ban da kaye, akwai kirari da kiɗa, ga kuma 'yan cali-cali da ke kwaikwayon 'yan kokawa suna ba jama'a dariya.

Wani wasan da baƙo daga Nijeriya zai yi mamakinsa shi ne fetank, wanda aka gada daga Faransawa. Ana jefa wata 'yar ƙaramar ƙwallon katako a ƙasa, sai kowane ɓangare, mutum biyu ko uku, su riƙa jefa ƙwallayen ƙarfe suna neman su fi kusa da ita, ko su buge ta abokin hamayya su kore ta. Wanda ya fara kai maki 13 shi ya ci. Ba ya buƙatar gudu ko ƙarfi, shi ya sa za ka ga dattijo da saurayi a fili ɗaya da yamma. Baƙon da ya tsaya ya yi sallama ya nuna sha'awa, da wuya a hana shi jifa ɗaya ko biyu.

Da dare kuma sai fada, wato majalisar da abokai ke kafawa a ƙofar gida, da 'yar buta a kan gawayi. Shayin hawa uku ne, na farko mai ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku mai zaƙi, kuma ba a gaggawarsa. Wanda ya sha na farko ya miƙe bai kyauta wa mai dafawa ba. Baƙo ya riƙo sukari da ganyen shayi, ya saurara fiye da yadda zai yi magana, ya kuma bar siyasar ƙasar ga masu ita.

Raƙuman dawan Kure

Matafiyin da ya fito daga Sakkwato ta Illela da Ƙonni, ko daga Kamba ta Gaya, dole ya bi ta Doso, kuma kimanin kilomita 60 kafin ya shiga Yamai zai ratsa yankin Kure. Mutane da yawa suna barci a mota a daidai nan, ba su san suna wuce wani abin da babu irinsa a duniya ba. A wannan yanki ne ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suke. A da suna yawo tun daga Senigal har Tafkin Chadi, har da arewacin Nijeriya, amma farauta da fari da saran daji suka ƙarar da su, har ya zamana a 1996 guda 49 kacal aka ƙirga.

Gwamnati ta hana kashe su, ƙungiyoyi suka shigo da tallafi ga ƙauyukan yankin, aka horar da 'yan ƙauyen suka zama masu jagora. Kafin 2020 adadinsu ya haura 600, har a 2018 aka kwashi guda 8 aka kai su gandun Gadabeji a Jihar Maraɗi don a kafa garke na biyu. Abin sha'awar shi ne ba a cikin shinge suke ba. Tsakanin gonaki suke kiwo, suna cin ganyen gawo, wani lokaci su yi wa manomi ɓarnar wake, shi kuma ya haƙura.

Sai dai a ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga sun kashe mutum 8 a wurin, Faransawa 6 ma'aikatan agaji da direbansu da mai yi musu jagora, waɗanda su biyun 'yan Nijar ne. Daga nan hukuma ta rufe wurin ga masu ziyara, mutanen da ke ci daga jagorancin baƙi suka shiga wani hali. Don haka kada kowa ya saki kwalta ya nausa daji da iyalinsa da sunan neman raƙumin dawa. Mai son zuwa ya fara tuntuɓar jami'an gandun daji da na tsaro a Yamai, abin da suka ce shi ne. Amma ba laifi a tashi yara daga barci in an iso yankin da rana, domin akan yi sa'a a hango su daga bakin hanya. Wannan gargaɗi ya shafi duk wani wuri da ke wajen birnin, har da Bubon, garin da matansa suka shahara da ginin tukwane, mai cin kasuwa ranar Laraba.

Kafin a kama hanya

Lokacin da ya fi daɗin ziyara shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, yara ba za su ji daɗin yawo ba. Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairun 2025, saboda haka a tanadi cikakkun takardun shaida na kowa da kowa har da yara, da katin rigakafin shawara, a kuma yi tafiyar da rana. A kiyayi ɗaukar hoton gadoji da gine-ginen gwamnati da jami'an tsaro, domin abin da mutum ya ɗauka wasa ne yana iya kai shi ga amsa tambayoyi.

Batun harshe ba matsala ba ne. Duk da cewa Yamai ƙasar Zabarmawa ce, Hausa tana biyan buƙata a kasuwa da tasha, kuma a watan Maris na 2025 hukumomin ƙasar suka ayyana ta a matsayin harshen ƙasa. Duk da haka wanda ya ce wa dattijo "fofo" zai ga fara'ar da ba a saye da kuɗi. Inda baƙo ya fi rikicewa shi ne lissafi, domin da dala ake ƙirga, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. In mai shayi ya ce ashirin, sefa 100 yake nufi. In mai tasi ya ce ɗari, 500 ke nan, jika kuwa ita ce 1,000. A koya wa yara wannan tun a mota, a bar su su yi cinikin ƙosai da kansu.

Hausawa sun ce na zaune bai ga gari ba. Kuɗin da magidanci zai kashe a wannan zagaye bai kai na ɗinkin sallar gida guda ba, amma yaron da ya ga Bishiyar Tenere da ƙashin kadan Gadufawa zai komo makaranta da labarin da babu shi a littafinsa, maƙerin da aka sayi zobensa kuma ya kai cefane gida a ranar. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya kai matafiya Ya komo da su gida lafiya.